Waƙar Tallan Dunƙule

Shekarar da ɓarin jikin Inna ya shanye, magana ma ta tafi tare da shi. Da safe ta fito za ta yi alwala, buta ta suɓuce mata, ta faɗi a bakin rijiya. Da aka sallamo ta daga asibiti hannun dama da ƙafar dama sun daina aiki, baki ya karkace, idanu kaɗai suka rage mata. Matar da take iya tsayar da mai kayan miya a ƙofar gida ta yi ta ciniki har ya manta inda za shi, ta koma ko ruwa ba ta iya cewa a ba ta.

Tun rasuwar mahaifina ta koma gidansu a Tudun Wada, gidan da aka haife ta, wajen yayanta da muke kira Kawu. Gidan malamai ne tun kaka da kakanni, kuma Kawu ne ya gaji buzun mahaifinsu da littattafansa da ke jibge a zaure. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, ba ya kuma maimaita magana. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, shekarun da na yi ina koyar da 'yan firamare kuma ba su rage mini shi ba. Ni kaɗai ce 'yarta mace. Ina aure a unguwar Kongo, nan cikin Zariya, saboda haka kullum in na tashi daga makaranta sai in hau ɗan acaɓa in je in yi mata wanka, in ba ta abinci, in zauna har magariba.

Shirun ɗakin ne ya dame ni, na ɗauko ƙaramin talabijin ɗina na ɗora mata a kan kabad. Kawu bai so ba, amma ya kawar da kai saboda lalura. Inna ba ta ma kallonsa. Wasan kwaikwayo ya zo ya wuce, labarai su zo su wuce, idonta na kan rufin ɗaki.

Wata rana bayan la'asar an kawo wuta, ina ba ta kunu, sai aka saka tallan wani dunƙulen miya. Wata yarinya ce ta sha kwalliya da lalle a wani irin kicin da ban taɓa ganin mai shi a Zariya ba, ta marmasa dunƙule a tukunya, yara biyu suna lashe baki. A ƙarƙashin hoton kuma akwai waƙa. Tsohon ɗauka ne, kana jin shuuu ɗin kaset a bayansa, da kiɗan ƙwarya, da muryar wata mata mai ɗan kaushi tana cewa, "Ku ci ku ƙoshi, 'ya'yana." Ta faɗa, 'yan amshi suka karɓa, ta ja numfashi za ta ci gaba, sai wani ƙato mai babbar murya ya shigo ya faɗi sunan dunƙulen. Shi ke nan.

Cokali na kai bakin Inna na ga ba ta buɗe ba. Hannunta na hagu, mai lafiyar, yana dukan cinyarta a hankali daidai da kiɗan. Da aka yanke waƙar ba ta tsaya ba. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronta, ba kalma ba, kari ne kawai, ya ɗora daga inda matar ta tsaya, ya ɗan yi gaba, ya kakare. Ta sake jawo shi daga farko, ya sake kakarewa a wuri ɗaya. Sai ta damƙe mini wuyan hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba, hawaye na gangarowa ta gefen bakin da ya karkace. Tunda ta kwanta, ranar ce na fara jin muryar uwata, kuma na tsorata fiye da yadda na yi murna.

Daga nan duk lokacin da tallan ya zo haka take yi. Ni ban san waƙar ba. Ban taɓa jin Inna ta rera ko da waƙar raino ba, don a gidan nan ko fito yaro ya yi sai ya sha ranƙwashi.

Matar ɗan Kawu ce ta fara gani, ta fita ta faɗa wa sauran matan gidan. Kafin magariba an gama yanke hukunci a bakin murhu. Kiɗan ƙwarya ne, irin na 'yan bori, kuma tsohuwa marar lafiya tana jinsa tana kaɗa jiki, to ai ba sai an tambaya ba, iska ce ta motsa. Wata ma ta ce dama tun faɗuwar nan a bakin rijiya ta yi zargi. Na ce musu likita ya nuna mini hoton ƙwaƙwalwarta, jini ne ya toshe, ban ga aljani a ciki ba. Suka ce ai aljani ba ya fitowa a hoto.

Washegari Kawu da kansa ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa. Kamar an shirya, tallan ya shigo. Ya saurara daga farko har ƙarshe, yana kallon hannun ƙanwarsa yana dukan cinya. Fuskarsa ba ta nuna komai ba.

"A fitar da akwatin nan," ya ce.

Na ce, "Kawu, shi kaɗai ne abin da ke motsa ta."

"Na ce a fitar."

Aka fitar. Aka kawo mai ruƙiyya, wani matashin malami mai ƙamshin turare, ya yi ta karatu a kunnenta yana tambayar wanda ke jikinta ya faɗi sunansa. Matar da ba ta iya faɗin nata sunan. Aka turara ɗakin da hayaƙi har ta yi ta tari, aka kawo rubutu a kwano. Ban hana rubutu ba, ayar Allah ce, ni ma na ba ta da hannuna. Amma hayaƙin na ɗauki kaskon na watsar a tsakar gida, na kuma faɗi maganganun da har yau matan gidan ba su manta ba.

Inna ta juya fuska bango. Kunun da take shanye kofi guda ya koma rabi, ya koma 'yan cokula. Da na mayar da ita asibiti likitan ya ja ni gefe ya ce in ba ta ci, kuma in abin ya sake bugowa, to sai dai addu'a.

Talabijin ɗin ya dawo ɗakina a Kongo. Na zauna a gabansa da waya a hannu kamar mai gadin kanti har tallan ya zo, na ɗauke shi. Da na je yi wa Inna wanka na tura ƙofa, na rage murya, na kara mata wayar a kunne. Hannun ya tashi. Ya daki cinya, maƙogwaro ya ɗauka, ya zo wurin nan ya kakare, ta fashe da kuka. Na sake saka mata, haka. A karo na gaba ta ture wayar, ta nuna ta da yatsa, ta buɗe tafin hannu tana kaɗa shi gaba, kamar mai cewa sai kuma me. A nan na gane guntun nan azaba yake ba ta. Sauran waƙar take nema, ya ɓace mata a ka, kuma ba ta da bakin tambaya. Na ce mata, "Inna, zan nemo miki." Ta rufe ido.

Na ɗauka abu ne na yini ɗaya. Wata abokiyar aikina tana da manhajar da ake kara wa waƙa ta faɗi mai ita. Muka kara mata a ofishin malamai, ta yi ta juyi, ta kawo mana hoton wani bature da gashi har kafaɗa. Muka sake, ta ce ba ta sani ba. Na tura guntun a guruf ɗin malaman makarantarmu da na matan unguwa. Wani ya ce daga Nijar take, wata ta rantse a bikin yayarta a Katsina ta ji ta, wani ya ce ai na'ura ce ta ƙirƙira, yanzu ba a bukatar mutum. Wani kuma ya turo doguwar nasiha a kan hukuncin kiɗa. Kowa yana da abin faɗa, babu mai suna.

Na je gidan talabijin ɗin. Na yi zaman benci har ƙafata ta yi sanyi kafin wani jami'i ya fito ya ce su a haɗe ake turo musu talla daga wani kamfani a Legas, sakawa kawai suke yi. Ya ƙara da cewa ma kwangilar ta kusa ƙarewa, za a daina saka shi. Ya ce, "Hajiya, in dunƙulen kike so ai yana kowane kanti." Na dube shi har ya sunkuyar da kai, na fito.

Sai masu tura waƙa a waya na unguwar Kwangila, waɗanda ke zaune a ƙarƙashin lema da kwamfuta. Suka karɓi wayar suna miƙa wa juna. Ashe har an yi wa guntun sabon kiɗa da fiyano, 'yan mata na rawa da shi, shi suka so tura mini. Na ce tsohuwar nake nema, cikakkiya. Babbansu ya ce abin da ya girmi memori ba ya wajensu, amma in koma Tudun Wada, layin masu kayan wuta, akwai wani dattijo Ibo da ya yi sana'ar kaset tun ana yayinta.

Na yi ta wuce shagon nan shekara da shekaru ban taɓa lura da shi ba. Yanzu ƙwan fitila da soket yake sayarwa. Gashinsa fari fat, Hausarsa kuwa ta Zazzau ce tsantsa, har da karin. Ya sa wayar a kunne, ya lumshe ido, ya ce in sake.

"Wannan ɗaukan nawa ne," ya ce. "Kin ji wannan ƙarar a baya? Fankar shagona ce. A ɗakin baya nake ɗaukar mata masu amada, in buga kaset in sayar."

Na ce, "Baba, kaset ɗin fa?"

Ya buɗe hannuwa. Da kaset ya daina tafiya buhunan sun cika masa shago, ɓeraye na haihuwa a ciki. Ya sayar wa 'yan jari bola. Buhu ɗaya ne wani yaro mai situdiyo daga Kaduna ya ɗauka, ya san daga nan abin ya bi hannu har ya kai Legas. Sunan matar kuwa ya yi ta laluben sa bai samu ba, ya ce mata da yawa sun shiga ɗakin nan, kuma yawancinsu sun mutu. Abin da ya tuna, ƙungiyar daga Tudun Jukun take zuwa, kuma akwai ɗaya cikin 'yan amshin da har bara yana ganin ta tana sayar da daddawa. Ya kwatanta mini lungun. Da zan tafi ya ce Allah ya ba mai jiki lafiya, shi ma tasa uwar haka ta yi kafin ta tafi.

A ranar ban samu zuwa ba, don ina fita daga shagon aka kira ni. Abin ya sake bugun Inna. Ba a kwantar da ita a asibiti ba, sun ce a kai ta gida a kula da ita, kuma na san abin da wannan maganar take nufi. Yanzu ko ido sai ta ga dama take buɗewa. Na kara mata wayar a kunne, yatsunta suka ɗan motsa a kan zani, suka tsaya.

Washegari na sami tsohuwar a wani ɗaki da ke warin daddawa, tana zaune a kan tabarma, idonta ɗaya ya yi fari. Na gaishe ta, na ce Iya wata waƙa na kawo ki ji. Tana jin bugun ƙwaryar farko ta ce, "Wannan hannuna ne." Da ƙaton nan ya yanke ta da sunan dunƙule sai ta tsuke baki.

"Miya suke sayarwa da ita?"

Na ce eh.

"To Allah ya isar mata. Ba su ji abin da ke biye ba ne?"

Ta gyara zama, ta jawo wata roba ta kife, ta fara bugawa da yatsu. Muryarta ta tsufa, tana rawa, amma karin shi ne wanda ke kakare wa Inna a maƙogwaro, kuma wannan karon ya wuce wurin.

"Ku ci ku ƙoshi, 'ya'yana,
Ko ba hannuna ya tuƙa ba.
Katanga ta hana ni shigowa,
Ba ta hana ku ji ni ba."

Ta yi baitoci da yawa, ban riƙe duka ba a lokacin. Da ta tsaya ta ce mai muryar zabiyarsu ce, uwar ɗakinta, kuma waƙar ba ta biki ba ce ko da yake a biki ake yin ta. Matar wani babban malami ce a Tudun Wada. Wata rana a bikin suna a gidan 'yar'uwarta, cikin mata zalla, ta ɗauki ƙwarya ta yi waƙa, labari ya kai zaure. Malam ya sake ta a ranar. 'Ya'ya kuwa na uba ne, ta bar biyu, namiji da ya fara allo da mace da ba ta daɗe da yaye ba, aka kuma ce kada ta sake taka ƙofar gidan. Tunda an kore ta saboda waƙa sai ta riƙe waƙar ta zama sana'a.

"Duk bikin da za a yi a layin gidan malam, mu ne," in ji tsohuwar. "Ko ba a gayyace mu ba sai ta aika ta ce za ta zo, ba sai an ba ta komai ba. Gidan da ke jikin nasu kuwa ko kaza aka yanka muna can. Sai ta sa mu zauna a gindin katanga, ta juya wa masu biki baya, ta ɗaga murya. Shekara da shekaru muna haka, har yarinyar ta yi aure. Ke 'yar wane gida ce da kike neman wannan?"

Na faɗa mata. Ta matso da idonta mai gani kusa da fuskata, ta daɗe tana duba.

"Ashe jikarta ce. Ga goshin nan."

Mu abin da aka faɗa mana, kakarmu ta rasu Inna tana ƙarama, goggonsu ce ta raine su. Ban taɓa jin wanda ya ambace ta ba, ko a addu'a. Ashe ta rayu har na yi wayo, har na shiga makaranta, a unguwar da nake ratsawa in za ni gidan ƙawata. Tsohuwar ta ce ita ta yi jinyar ta, ita ta rufe mata ido, kuma daga gidan malam ko mutum ɗaya bai zo gaisuwa ba. Raina ya ɓaci, na rasa wanda zan zaga, matattu ko masu rai.

Na ce ta zo ta yi wa Inna, ko a kunne ne. Ta girgiza kai. Ta ce gidan da uwar ɗakinta ba ta shiga ba ita ma ba za ta shiga ba. Na ce to in ɗauka a waya. Ta ce waya ta riga ta yi mata abin da ta yi. "In dai yarinyar nan ce," ta ce, tana nufin uwata mai jikoki, "ta san ta inda take jin ta. Ki nemo mini gindin katangar."

Gidan da ke jikin namu ya daɗe da zama gidan haya. Wata mata mai sayar da atamfa ce a ɗakin da ke jikin katangar, muna gaisawa. Na yi mata bayani a tsaye, ta ce in kawo ta, har ta shimfiɗa tabarma ta kawo ruwa. Na ɗauko tsohuwar a keke mai ƙafa uku da ƙwaryarta a ƙulle cikin zani. Bayan la'asar ne. Na zaunar da ita, na zaga na shiga gidanmu, na buɗe tagar ɗakin Inna, na zauna a bakin gado.

Kiɗan ya fara, sannan muryar ta hauro. Matan gidan suka yi cirko-cirko a tsakar gida. Ni hannun Inna na hagu kawai nake kallo. Yana kwance a kan zani. Aka yi baitin farko, aka wuce wurin da take kakarewa, aka shiga na biyu. Idonta a buɗe yake, yana kallon taga, amma hannun bai tashi ba. Na ce, "Inna, ga shi na kawo miki. Ga sauran." Ban ga alamar komai ba.

Sai na ji sandar Kawu. Na miƙe na tare bakin gadon, na riga na shirya abin da zan faɗa masa, kuma ba mai daɗi ba ne. Ya shigo bai dube ni ba. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki, kansa a karkace wajen taga, yana saurare.

"Ta tsallake ɗaya," ya ce.

Na ce, "Me ka ce, Kawu?"

"Akwai baiti kafin wannan. Ta tsallake."

Duk abin da na shirya ya zube. Na ce, "Ashe ka san ta."

"Tun ranar da na tsaya a ƙofar nan."

"Ka bari aka yi mata hayaƙi. Ka bari na yi ta yawo a gari."

A hankali ya yi magana, kamar mai karanta hukunci a littafi. Ya ce mahaifinsu ya tara su su biyu, ya ce duk wanda ya tsaya ya saurari muryar nan a cikinsu bai yafe masa ba, duniya da lahira, kuma har ya rasu bai janye ba. Shi Kawu in an fara sai ya toshe kunne ya ɗaga karatu. Inna kuwa yakan gan ta a bayan rumbu, ta manna kunne a katanga, bai taɓa faɗa ba. "Yarinta ce a lokacin," ya ce. "Yanzu kuwa tafiya za ta yi. Ban so ta cika da fushin Malam a kanta ba."

Na ce, "Uwarta ce fa."

Na duba fuskarsa ina neman ƙarya ko mugunta, don su na iya faɗa da su, ban samu ba. Da gaske yake, ya yi imani ceton ta yake yi, kuma wannan ya fi ƙona mini rai.

A bayan katanga tsohuwar ta dawo da baya, kamar ta tuna abin da ta bari.

"Babba, ka riƙe hannun ƙarama,
Ni ba a bar ni na riƙe ba."

Kawu ya jingine sandarsa a bango. Ya lallaɓa ya zauna a gefen gadon, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya ɗauki hannun ƙanwarsa ya riƙe da hannu biyu. Na dama ya ɗauka, wanda ya shanye tun farko.

Na ce, "Kawu, wannan ba ya ji. Ɗayan ne."

Ya dube ni, ya dubi hannun. Ya ajiye shi a hankali, ya miƙa ya kamo na hagun. Muka zauna haka har tsohuwar ta gaji ta yi shiru, aka kira magariba. Na tambaye shi ko ya ji ta matsa masa yatsu, ko kaɗan. Ya ce bai ji ba.

Inna ta rasu a cikin makon. Har yau ban san ko sauran waƙar ya isa gare ta ba, ko kuwa na makara. Mutane sun ce mini ai kunne shi ne ƙarshen abin da ke mutuwa, na ce Allah ya sa. Ranar addu'ar uku Kawu ya roƙa wa mahaifinsu gafara, ya roƙa wa Inna, ya ɗan yi shiru kamar zai ƙara wani suna, sannan ya shafa.

Da azumi ya zo aka dawo da tallan, har a rediyo. Yanzu muryar kakata tana kowane shago a Tudun Wada, tana cikin wayoyin jikokin Kawu a tsakar gidan da aka hana ta shiga. Yaran ajina ma sun haddace, in an fita tara suna tafi suna yi. Sukan ce, "Ku ci ku ƙoshi, 'ya'yana," su ja numfashi kamar yadda ta ja, sai su faɗi sunan dunƙulen su fashe da dariya.